Sandunan neman abin da ke binne: yadda ake haɗa su da abin da ke juya su

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata tsohuwar al'ada da har yau ba ta gushe ba, inda mutum zai riƙe siraran wayoyi biyu da aka lanƙwasa, ko reshen itace mai gwafa, ya riƙa takawa a hankali cikin fili yana jiran lokacin da za su motsa su nuna masa wurin da wani abu yake kwance a ƙarƙashin ƙasa. Turawan Ingila suna kiran wannan aiki dowsing. Abin da ake nema ya danganta da buƙatar mai nema, domin wani bututun ruwan da ya ɓace masa a harabar gida yake son ganowa, wani tsoffin kuɗin ƙarfe yake farauta a kufai, wani kabarin da alamarsa ta shafe, wani kuma wurin da zai sa a haƙa rijiya. Duk wanda ya taɓa gwadawa zai shaida cewa wayoyin suna juyawa, har su gitta juna, alhali shi bai ji ya motsa hannunsa ba. Wannan ɓangaren gaskiya ne, kuma babu wani masani da ke musunsa. Gardamar da aka shafe ƙarnoni ana yi ita ce a kan abin da ke juya su, shin abin da ke cikin ƙasa ne, ko kuwa wanda ke riƙe da su.

Haɗa sandunan ba ya buƙatar gwaninta ko kuɗi, kuma wannan sauƙi yana cikin dalilan yaɗuwar al'adar. Yawancin masu yi a gida suna ɗaukar hangar rataye tufafi ta waya guda biyu, su warware su da filaya, su miƙar da su, sannan su yanke kowace ta kai kimanin santimita 50. Wasu sun fi son sandar tagulla irin ta masu walda, wasu kuma kakkaurar wayar jan ƙarfe da aka ɓare robarta. Sai a auna santimita 12 zuwa 15 daga gefe guda a lanƙwasa, ta yadda wayar za ta ɗauki siffar harafin L, gajeren ɓangaren ya zama mariƙi, dogon kuma ya zama mai nuni. Da yawa sukan zura mariƙin a cikin bututun biro da aka zare tawadarsa domin wayar ta riƙa juyawa ba tare da tafin hannu ya tare ta ba, sannan su ɗan tanƙwara ƙarshenta don kada bututun ya zame. Ya dace a naɗe tsinin gaban ko a lanƙwasa shi, saboda yankakkiyar waya da ake yawo da ita daidai tsayin idon yaro haɗari ce. Aikin ke nan gaba ɗayansa. Babu batir a ciki, babu maganaɗisu, babu wani sashe da ke auna komai.

Reshe mai gwafa ya girmi waya nesa ba kusa ba. Ana yanko shi ɗanye domin ya riƙa lanƙwasuwa ba tare da ya karye ba, a kama rassan biyu tafin hannu na kallon sama, a ɗan buɗa su har itacen ya ɗaure, tsininsa na fuskantar gaba. Idan aka zo wurin da ake zaton akwai abu sai tsinin ya dunguri ƙasa, wani lokaci da ƙarfin da zai iya saɓule ɓawon reshen a hannu. Akwai kuma masu rataya zobe ko ɗan dunƙulen ƙarfe a zare su kalli yadda yake lilo, har wasu daga cikinsu ba sa ma zuwa filin, a kan taswira suke yin nasu aikin.

Yadda ake amfani da wayoyin kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Mai nema zai manna gwiwoyin hannunsa a haƙarƙarinsa, ya riƙe kowace waya a dunƙulen hannu guda ba tare da matsewa ba, tazarar hannayen ta yi daidai da faɗin ƙirjinsa, wayoyin biyu su miƙe gaba a jere, tsininsu ya ɗan sunkuya kaɗan. Masu koyarwa sukan ce ya sa abin da yake nema a ransa, ya yi tafiya sannu a kan layi miƙaƙƙe, idan wayoyin suka gitta juna ko suka buɗe sai ya tsaya ya kafa alama. Daga nan ya sake ratsa wurin ta wata kusurwa, inda alamomin suka haɗu nan ne ake haƙawa. Ga masu neman bututu, ana ratsa filin sau da yawa a jere, sai a haɗa alamomin da igiya a ce layin bututun ke nan. Kafin a fara, kusan kowane mai koyarwa yakan sa ɗalibi ya gwada a kan abin da yake gani da idonsa, kamar tiyo da aka shimfiɗa a ƙasa ko kwabo da aka ajiye a fili, domin ya ga yadda sandunan ke amsawa. Wannan matakin na farko ya cancanci a riƙe shi a zuciya, domin a nan ne ɗalibi ke koya wa hannunsa abin da zai yi, ba tare da ya san yana koya ba.

Don a fahimci motsin, sai a dubi yadda wayar take zaune a hannu. Dogon ɓangarenta yana juyawa ne a kan mariƙin da ke tsaye, kuma muddin mariƙin yana tsaye cak, wayar za ta zauna duk inda aka bar ta. Da zarar ya karkata, ko da karkatar da ido ba zai iya gani ba, nauyin dogon ɓangaren zai ja shi ya gangara zuwa gefen da ya fi ƙasa. Kamar ƙofar da kafinta ya kafa a karkace ce, wadda za ta riƙa buɗe kanta ko rufe kanta ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Idan wuyan hannu biyu suka ɗan juya ciki sai wayoyin su gitta juna, idan suka juya waje sai su buɗe. Saboda haka ne ake cewa a ɗan sunkuyar da tsinin yayin tafiya, domin sunkuyawar ce ke hana su yawo, kuma ɗaga su kaɗan ya isa ya sake su. Bututun biron nan da ake yabawa da cewa yana hana hannu taɓa waya, a haƙiƙa ƙara wa karkatar hannu tasiri yake yi, tun da ya kawar da gogayyar da za ta iya tsayar da wayar. Reshe mai gwafa ma haka yake, domin an riga an ɗaure shi da ƙarfin hannu biyu, kuma ƙanƙanin sassauci ko matsi ya isa ya sa ƙarfin da aka tara a cikinsa ya kuɓuce.

Saura tambayar dalilin da ya sa hannun ke karkata a daidai wurin da ya karkata, alhali mai shi zai iya rantsuwa cewa bai motsa ba. Amsar ta daɗe da samuwa. Masanin kimiyyar sinadarai na Faransa, Michel Eugène Chevreul, ya gwada abin a kansa tun a 1812 da zobe rataye a zare, kuma ya ga yana lilo a kan wasu abubuwa kamar yadda aka faɗa masa. Sai ya sa aka tokare hannunsa, lilon ya ragu. Da aka ɗaure masa idanu ta yadda bai san abin da ke ƙarƙashin zoben ba, lilon ya daina bin abin da ke wurin. Ya bayyana wannan a wata wasiƙa da ya rubuta wa masanin kimiyya ɗan ƙasarsu André-Marie Ampère, wadda aka buga a 1833. A 1852 likitan Ingila William Benjamin Carpenter ya yi bayanin cewa tsammanin da ke cikin zuciya kaɗai yana iya sa tsokoki su yi ɗan motsi ba tare da mutum ya yi niyya ko ya ji ba. Shekara guda bayan haka masanin kimiyya na Ingila Michael Faraday ya nuna irin wannan a kan masu zama su dafa tebur suna cewa ruhohi ne ke juya shi. Ya sa wata 'yar na'ura tsakanin hannayensu da teburin, wadda ta nuna cewa hannayen ne ke fara turawa, kuma da aka bar su suna kallon na'urar, teburin ya daina motsi. Muhimmin abin da ke cikin waɗannan binciken shi ne cewa mutanen ba maƙaryata ba ne. Mai sandunan da ya ce ba shi ya juya su ba, abin da ya ji ya faɗa, sai dai jin jikinsa bai kai ya kama motsin da ya yi ƙanƙanta haka ba.

Masu goyon bayan al'adar sukan ce maganaɗisun ƙasa ne, ko wutar lantarkin da ruwa mai gudana ke haifarwa, ko wani turiri da ƙarfe ke fitarwa. Matsalar wannan bayani a fili take. Tagulla da jan ƙarfe da ɗanyen itace da roba duk ana yin sandunan da su, duk kuma an ce suna aiki daidai wa daida, alhali maganaɗisu ba ya jan ko ɗaya daga cikinsu. Ana kuma cewa sanda ɗaya tana gano zinariya da bututun roba da ƙashin mamaci da ramin da babu komai a cikinsa, abubuwan da ba su da wata sifa guda da ta haɗa su, in ban da cewa su ne abin da mai neman ya sa a ransa. Idan kayan da aka yi sandar da shi bai canja komai ba, abin da ake nema ma bai canja komai ba, to abin da ya rage a lissafin shi ne mutumin da ke riƙe da ita.

Tarihin al'adar a rubuce ya faro ne daga wuraren haƙar ma'adinai na ƙasar Jamus a ƙarni na 16. Georgius Agricola, likitan da ya rayu a tsakanin mahaƙa a yankin duwatsun da ke tsakanin Saxony ta Jamus da Bohemia ta ƙasar Czech ta yau, ya kwatanta ta dalla-dalla a littafinsa De Re Metallica na 1556, har da zanen mutane riƙe da gwafa suna neman jijiyar ma'adinai. Shi kansa bai gamsu ba, ya ce mahaƙi mai hankali ya dogara da alamomin da ƙasa da duwatsu ke nunawa. Tun kafin nan, a 1518, malamin addinin Kirista na Jamus Martin Luther ya lissafa aikin a cikin abubuwan da suka saɓa wa ta farko cikin Dokoki Goma na addininsa, kuma malaman coci da dama sun ɗauke shi aikin shaiɗan. Abin lura a nan shi ne, masu yabon sandar da masu tsine mata sun yi tarayya a kuskure guda, domin dukansu sun yarda cewa wani ƙarfi ne daga waje yake juya ta, a kan sunansa kawai suka saɓa. Mahaƙan Jamus da aka kai Ingila a zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya su ne ake danganta wa kai al'adar can, daga baya kuma ta haye Amurka tare da baƙin da suka yi ƙaura, inda ta fi shahara wajen neman ruwa.

Labarin Jacques Aymar ya nuna tun da wuri inda abin zai iya kaiwa. A 1692 aka kashe wani mai sayar da giya da matarsa a birnin Lyon na Faransa, hukuma ta gayyato wannan baƙauye da ya yi suna da sandarsa. Ya bi abin da ya kira sawun masu kisan har garin Beaucaire, inda ya nuna wani matashi mai ƙusumbi da ke tsare a kurkuku. Matashin ya amsa laifi, aka kashe shi ta hanyar kakkarya masa gaɓoɓi, sunan Aymar kuma ya cika ƙasar. Da Yariman Condé ya kira shi Paris, aka haƙa ramuka aka binne ƙarafa masu daraja a wasu, aka zuba duwatsu a wasu, ba tare da an gaya masa ba, sai sandar ta riƙa nuna duwatsu tana tsallake zinariya. Gwajin bai ci wani kuɗi ba, amma sai bayan an zartar da hukuncin kisa aka yi shi.

Duk da haka ba za a yi adalci ba idan aka ce masu sandunan ba sa taɓa dacewa, domin suna dacewa, kuma dalilan sun cancanci a tsaya a kansu. Ma'aikacin famfo da ya shekara ashirin yana haƙa ya san inda aka saba shigo da bututu daga titi, ya ga inda mita take da inda banɗaki yake, idonsa kuma yana kama ɗan lotsawar ƙasa a kan tsohon rami, ko layin ciyawar da ta fi sauran kore. Wannan sani yana iya kaiwa hannunsa kafin ya kai bakinsa, sai wayoyin su gitta a wurin da ƙwarewarsa ta riga ta zaɓa, sandar kuma ta karɓe yabon. Dalili na biyu shi ne yawan abin da ake nema. A yankuna da yawa na duniya, duk inda aka haƙa aka yi zurfi za a tarar da ruwa, kuma a kufai ko tsohon gida da wuya a tona rami a rasa ƙusa ko guntun ƙarfe ko fasasshen tulu. Na uku shi ne yadda ake ƙirga nasara. Idan aka haƙa ba a samu ba, akan faɗaɗa ramin taku ɗaya ko biyu, idan an samu a can sai a ce sandar ta yi gaskiya. Idan kuma ba a samu ba sam, akwai uzuri a ajiye, ko a ce abin ya yi zurfi, ko wani ya riga ya tone shi ya bar gurbinsa, ko kuma wani mai shakka da ke tsaye a wurin ya ɓata aikin. Labarin dacewa ana ba da shi shekara da shekaru, ramin da aka tona a banza kuwa ana cike shi a manta.

Hanyar raba ƙwarewar ido da ikon sanda ita ce a ɓoye abin ta yadda mai nema da duk wanda ke tare da shi ba su san inda yake ba, kuma an yi hakan sau da yawa. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta fitar da rahoton Arthur Ellis a 1917, wanda ya bi tarihin al'adar, kuma a gabatarwarsa aka ce ci gaba da gwada ta ɓarnar kuɗin jama'a ne. Sojojin ruwan Amurka sun yi amfani da wayoyin hanga a yaƙin Vietnam wajen neman ramukan ɓuya da nakiyoyi, amma da hukumomin sojan Birtaniya suka shirya gwaji da nakiyoyin wasa da aka binne a fili, sakamakon da R. A. Foulkes ya buga a mujallar Nature a 1971 ya nuna cewa masu sandunan ba su fi mai kintace ba.

Gwajin da ya fi girma shi ne na birnin Munich a 1987 da 1988, wanda gwamnatin Jamus ta biya kuɗinsa, kuma waɗanda suka jagorance shi mutane ne masu kyakkyawan zato ga al'adar. An tace kimanin mutum 500 aka zaɓi 43 da suka fi nuna alamar iyawa. A wani ɗakin ajiyar kayan gona mai hawa biyu, aka sa bututun ruwa a ƙasa wanda ake iya gusar da shi, mai nema kuma yana hawa na sama yana bin layi mai tsawon mita 10 ya nuna inda bututun yake. An yi gwaji 843. Masu binciken sun ce mafi yawan mutanen ba su tabuka komai ba, amma shida sun nuna baiwa ta gaske. Da masanin Amurka Jim Enright ya sake bin alƙaluman, sai ya nuna cewa waɗannan shidan ba su iya maimaita nasararsu a sauran zagayen ba, kuma biyar daga cikinsu, da a ce tsakiyar layin kawai suka riƙa nunawa kowane lokaci ba tare da sanda ba, da sun fi kusantar bututun. A 1990 aka sake wani gwajin a birnin Kassel na Jamus, inda aka binne bututan roba a zurfin santimita 50, aka ma sa alama a kansu, aka nemi mutum kusan 30 su faɗi ko ruwa na gudana a ciki ko ba ya gudana. Kafin a fara, dukansu sun sa hannu cewa gwajin na adalci ne kuma suna sa ran cin kowane zagaye. Bayan kwana uku, sakamakonsu bai wuce na jefa kwabo ba.

Wanda ya haɗa sandunansa a gida yana iya yin irin wannan gwaji da kansa, kuma a ganina shi ne amfani mafi kyau da za a yi da su, musamman ga malamin makaranta da ɗalibansa. A samo gwangwani goma iri ɗaya, a cika su da yashi, a jera su da tazarar taku biyu a tsakaninsu. Da farko a sa kwabo a ɗaya a gaban idon mai nema, ya ratsa ya tabbatar sandunan suna amsawa, domin kada daga baya ya ce wurin ko gwangwanin ne ba su dace ba. Sannan ya fita, wani ya zaɓi lamba ta hanyar ƙuri'a, ya binne kwabon a gwangwanin da lambar ta nuna, ya shafe saman yashin dukansu goma, shi ma ya bar wurin gaba ɗaya. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda aka fi sakaci da shi, alhali kallo ko shiru ko gyaran murya na wanda ya san amsa ya isa ya ja hankalin mai nema. A maimaita sau 20 ana rubuta kowane sakamako. Mai kintace zalla ana sa ran ya dace kamar sau biyu, dacewa sau huɗu ma ba abin mamaki ba ce, domin sa'a kaɗai tana kawo huɗu ko fiye da haka kusan sau ɗaya cikin takwas. Sau shida ko fiye kuwa sa'a ba ta kawo shi sai kamar sau ɗaya cikin ɗari, kuma mai iƙirarin cewa sandarsa tana ganin ƙarƙashin ƙasa ya kamata ya wuce wannan nesa.

Na'urorin da suke gano abin da ke binne da gaske suna da wata sifa da sandunan ba su da ita, wato iyakar da aka sani. Na'urar gano ƙarfe tana aika maganaɗisu mai sauyawa cikin ƙasa ta wata naɗaɗɗiyar waya, ƙarfen da ke binne ya mayar da amsa, amma kwabo ɗaya ba ta jin sa idan ya wuce zurfin kamu ɗaya ko ɗaya da rabi, kuma roba ba ta cikin abin da take gani. Da irinta ne wani mutum ya gano taskar Staffordshire a wata gona a Ingila a 2009, mai ɗauke da zinariya kimanin kilo 5. Na'urar rada ta ƙasa tana nuna bututu da kaburbura da tushen gini, sai dai jiƙaƙƙiyar laka tana kashe mata ƙarfi. Wajen neman ruwa kuwa, masana ƙasa suna kafa ƙarafa su tura wutar lantarki su auna yadda ƙasa ke tare ta, kuma wannan yana da muhimmanci a wurare irin su Kano da Zariya da Katsina, inda dutse ne shimfiɗe a ƙasa, ruwan kuma yana taruwa ne a ruɓaɓɓen samansa da cikin tsagoginsa, ta yadda rijiyar burtsatse ɗaya za ta ba da ruwa, wata kusa da ita ta fito a bushe. Ko wannan awon yakan kuskure, amma ana iya faɗin dalilin kuskurensa a gyara. Haka nan, inda ake zaton akwai wayar lantarki ko bututun gas a binne, dogaro da wayar hanga kafin a sa diga ganganci ne, shi ya sa a Amurka aka ware lambar waya 811 da ake kira a zo a yi wa mutum alamar layukan kafin ya fara haƙa. Al'adar dai tana da naci, domin a 2017 masaniyar kimiyya Sally Le Page ta tambayi kamfanonin ruwa 12 na Birtaniya, 10 daga cikinsu suka amsa cewa wasu ma'aikatansu suna amfani da sandunan.

Matuƙar abin ya tsaya a bayan gida, asararsa ba ta wuce gumi da ramukan banza ba. Ya zama wani abu dabam lokacin da 'yan damfara suka gane cewa za a iya sa wa wayar nan mariƙin roba da suna mai lambobi a sayar wa gwamnatoci. Wani ɗan kasuwa na Birtaniya, James McCormick, ya sayar da wata na'ura mai suna ADE 651 da ya ce tana gano bama-bamai da ƙwayoyi da hauren giwa daga nesa. Ba komai ba ce illa eriya mai juyawa a kan mariƙi, wato sandar L ɗin nan da aka sake wa kama, kuma samfurinta na farko ya samo asali ne daga wani abin wasa na neman ƙwallon golf da ake sayarwa ƙasa da dala 20. An sayar da wasu har dala 40,000 kowace guda. Katunan da ake zura mata, waɗanda aka ce su ne ke tantance abin da za ta nema, da masana suka buɗe su sai aka tarar da irin ɗan maƙalin da shaguna ke liƙa wa kaya don hana sata. Iraƙi ta sayi dubbai ta raba wa jami'an da ke shingayen bincike a Bagadaza da sauran birane, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da aka ambata cewa an sayar wa. Jami'an da ke riƙe da ita sun gan ta tana juyawa ta nuna mota, kamar yadda mai neman kwabo ke ganin wayarsa tana juyawa, kuma dalilin motsin ɗaya ne.

Birtaniya ta hana fitar da na'urar zuwa Iraƙi da Afganistan a watan Janairun 2010, bayan binciken da BBC ta yi. A 2013 kotun Old Bailey da ke Landan ta sami McCormick da laifin zamba ta ɗaure shi shekara goma, kuma a wannan shekarar aka ɗaure Gary Bolton shekara bakwai saboda irin tata mai suna GT200, wadda aka sayar wa Thailand da Mexico. Hukuncin bai sa an janye ta daga titunan Bagadaza ba. Sai bayan harin da aka kai da mota maƙare da bama-bamai a unguwar Karrada a watan Yulin 2016, wanda ya kashe mutum fiye da 300, Firaminista Haider al-Abadi ya ba da umarnin a daina amfani da ita a dukkan shingayen binciken ƙasar, shekara uku bayan an ɗaure wanda ya sayar musu da ita.